Haruffa 28 cikin sakan 20: darussan koyar da kwatanta rukuni biyu da gwajin hadda

Sau da yawa za ka ga ɗalibi ya karanto maka dabarar gwajin t, wato lissafin da ake kwatanta matsakaitan rukuni biyu da shi, tiryan-tiryan ba gargada, ya danna kalkuleta ya fitar da amsa daidai, amma ka tambaye shi abin da 0.03 ɗin da ya rubuta take nufi sai ya yi zuru. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Lambobin da ake ba shi daga littafi suke zuwa a wanke. Bai san wanda ya tara su ba, bai ga yadda aka raba mutanen ba, don haka kwatanta rukuni biyu a wurinsa cike gurbi ne kawai. Maganin da ya fi ci shi ne ajin ya samar da lambobinsa da kansa, kuma da wuya a sami hanyar da ta kai gwajin hadda arha. Takarda ce da biro da agogon waya, sai zama biyu na darasi.

Tushen gwajin tsohon ilimi ne. A 1956 George Miller, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya yi bayanin cewa abin da ƙwaƙwalwa ke riƙewa na ɗan lokaci bai wuce abubuwa bakwai ba, ko a ƙara biyu ko a rage biyu. Kuma abu ɗaya a nan yana iya zama harafi guda, yana iya zama dunƙulen haruffa mai ma'ana. Daga baya, a 2001, Nelson Cowan ya ce adadin ya fi kusa da huɗu. Ko bakwai ko huɗu, kowa ya san abin a aikace: lambar wayar Nijeriya mai alƙaluma 11, huɗu-uku-huɗu muke faɗinta, ba ɗaiɗaya ba.

Ana buga takardu iri biyu. Ta rukunin A tana ɗauke da wannan:

BUK-JAMB-ABU-NYSC-BBC-WAEC-NTA-INEC

Ta rukunin B kuma:

BU-KJAM-BAB-UNY-SCB-BCWA-ECN-TAIN-EC

Haruffa 28 ne a kowace, iri ɗaya, a jere ɗaya. Inda aka yanka ne kawai ya bambanta. Wannan shi ne sharaɗin farko na gwaji mai kyau, a canza abu guda a bar sauran yadda suke. Girman rubutu, irin takarda, launin tawada, duk su zama ɗaya. Dunƙulen B tara ne, na A takwas, domin ba yadda za a karya sunaye takwas sai da yanka takwas. Wannan ɗan bambancin ba ya ɓata aiki.

Yankan takardar B yana buƙatar ido. In ka matsar da yankan da ke bayan BUK da ABU da BBC harafi ɗaya gaba, sai ka sami BUKJ da ABUN da BBCW, sunayen na nan a fili kamar ba a taɓa su ba. In ka yanka bayan U na ABU, ƙarshen JAMB ya haɗu da shi ya ba da BABU, kalmar da kowane ɗan aji ya sani. Wani yankan kuma yana fitar da MBA. Duk ɗaya daga cikinsu kyauta ce ka yi wa rukunin B, kuma za ta rage tazarar da kake son ajin ya gani. Ka ba wani abokin aiki takardar ya duba kafin ka buga.

Yanzu ga inda darasin gaba ɗaya ya rataya: wa zai sami wace takarda?

Abin da ke fara zuwa ran malami shi ne ya raba ajin gida biyu da hannu, na dama A, na hagu B. A azuzuwanmu da yawa mata gefe guda suke zama, maza gefe guda, don haka rabon dama da hagu ya zama rabon mata da maza. In ka ce na gaba da na baya, to ka ware masu zuwa da wuri daga masu makara. In ka bi rajista, a wasu makarantun lambobin sun bi sashe ko ranar da aka yi rajista. In ka ce mai so ya ɗaga hannu, waɗanda suka yarda da kansu ne za su ɗaga. A kowanne, idan bambanci ya fito ba ka da bakin cewa yankan haruffa ne ya jawo shi. Akwai kuma abubuwan da malami ba ya gani ko kaɗan: wanda ya yi shekaru yana hadda a makarantar allo ko Islamiyya, wanda bai yi barci jiya ba, wanda bai karya ba, wanda idonsa ke buƙatar tabarau. Ba za ka iya zaunawa ka daidaita waɗannan ɗaya bayan ɗaya ba. Ƙuri'a ce kaɗai ke watsa su tsakanin rukunan biyu ba tare da son rai ba, waɗanda ka sani da waɗanda ba ka sani ba.

Ronald Fisher ne ya kafa wannan ƙa'ida, lokacin da yake aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ya fara a 1919. Matsalarsa ta gona ce: wane fili zai sami wane taki, alhali ƙasar ba ɗaya ba ce daga wannan kunya zuwa waccan. Ɗaliban aikin gona sun fi saurin kama zancen, domin har yau haka ake raba filayen gwajin iri.

A aikace abin ba wuya. Ka ƙirga takardun A da B daidai yawan ɗalibai, rabi da rabi, ka ninke kowace biyu, ka zuba a kwali ka cakuɗa sosai, kowa ya sa hannu ya ɗauka bai duba ba. Kada ka jera su A, B, A, B ka bi layi kana rabawa. Wannan tsari ne, ba ƙuri'a ba, kuma abokai biyu da ke zaune tare kullum sai sun rabu. Jefa kwabo ma ƙuri'a ce ta gaskiya, sai dai tana iya ba ka 24 da 16 a aji mai mutum 40. Ba ta ɓata lissafi, amma tana wahalar da mataki na gaba.

Kada ɗalibai su san takardu iri biyu ne. Wanda ya leƙa ta maƙwabcinsa ya ga JAMB, shi ke nan, ya warware tasa. Shi ya sa ba a rubuta haruffan a allo, kuma a aji mai cunkoso gara a yi gwajin kashi biyu da tazara tsakanin kujeru, muddin kowane kashi yana da 'yan A da 'yan B. In 'yan A suka yi da safe 'yan B da rana, ka sake shigo da wani bambancin, kuma labari zai riga ka isa.

Umarni ɗaya ake karantawa kowa. A buɗe takarda, a duba sakan 20, ba rubutu ba motsa baki da ƙarfi, a kife, a rubuta abin da aka tuna a jere a wata takardar daban. Ka faɗa tun farko cewa ba maki a ciki kuma ba a rubuta suna, in ba haka ba za ka ga satar kallo, kuma wanda ya sami 2 zai ji kunyar miƙa tasa. Ƙa'idar ba da maki ma kafin a fara ake yanke ta a rubuta: ana ƙirga haruffa daidai daga farko har zuwa kuskure na farko, a tsaya nan. Ƙa'ida ce mai tsauri, domin wanda ya tuna 20 amma ya tsallake harafi na huɗu 3 zai samu. Amfaninta shi ne ba ta barin gardama. In ka bar ta sai bayan an ga amsoshi, rabin darasin zai tafi a "Malam, nawa fa ai kusan daidai ne".

Da lambobi suka zo, kada a taɓa kalkuleta tukuna. A ja layi biyu a allo, ɗaya saman ɗaya, daga 0 zuwa 28, a sa ɗigo ga kowane ɗalibi. Ga lambobin misali da na shirya don sauƙin lissafi, mutum 10 a kowane rukuni:

A: 7, 10, 14, 14, 17, 17, 21, 21, 21, 28
B: 2, 6, 6, 9, 9, 9, 12, 14, 15, 28

Ka bar su su faɗi abin da suke gani. Ɗigon A sun fi karkata dama, amma rukunan sun shiga juna sosai. Akwai ɗan B da ya fi yawancin 'yan A. Mai lura zai ga makin A sun taru a 7, 10, 14, 17, 21, wato daidai inda kowane suna ya ƙare, alamar cewa suna-suna aka haddace ba harafi-harafi ba. Wannan ba ya fitowa a matsakaici. Matsakaicin A shi ne 170 a raba 10, wato 17, na B kuma 11. Lambar tsakiya ta A ita ma 17 ce, amma ta B 9 ce, domin wancan 28 ɗin ya ja matsakaici sama. Bambancin matsakaitan 6 ne.

Tambayar da za ka jefa musu ita ce: da a ce yankan haruffa ba ya yin komai, da kowa zai sami makin da ya samu ko wace takarda ya ɗauka, shin ƙuri'a ita kaɗai za ta iya tara masu ƙoƙari a gefe guda har tazara ta kai 6? Wannan ita ce hasashen babu bambanci, kuma an fi gane ta in ba a fara da sunanta ba.

Amsar da hannu ake nemo ta. Ɗalibai su zauna bibbiyu, kowane biyu su yanka ƙananan takardu 20, su rubuta makin nan 20 ɗaya a kowace, ba alamar A ko B. Su cakuɗa, su raba tsibi biyu goma-goma, su kira na farko A na biyu B, su fitar da matsakaita, su cire na B daga na A, su rubuta. Sau biyar kowane biyu. Aji mai mutum 40 zai ba da sakamako 100 cikin kamar minti 20. Gajeriyar hanya: tunda jimlar duka 280 ce, tsibi ɗaya kawai za a tara, a cire daga 280 a sami ɗayan. Kurakurai biyu ne ke yawan faruwa. Wasu suna cire ƙarami daga babba kullum, sai duk amsoshin su zama babu mai alamar ragi. Wasu kuma suna raba tsibin suna kallon lambobin. A kife takardun.

Duk sakamakon a ɗiga su a layi guda, daga -10 zuwa 10. Tudu zai taso a kan sifili, ya gangara dama da hagu. Yawancin ɗigon za su faɗa tsakanin -3 da 3. Sai ka ja layi a kan 6 ka ce a ƙirga waɗanda suka kai nan ko suka wuce. Da waɗannan lambobi, kimanin 3 cikin 100 ake tsammani, ko kimanin 6 cikin 100 in an haɗa da waɗanda suka kai -6 ta ɗaya gefen. Ajin na iya samun 1, na iya samun 6, domin cakuɗa 100 kaɗan ce. Hanyoyin raba mutum 20 goma-goma 184,756 ne, kwamfuta kuma za ta iya bin su duka. Abin da suka ƙirga ɗin nan shi ne ƙimar p. A wannan gaɓar ne ya kamata su fara jin sunan, bayan sun riga sun yi ta da yatsunsu.

Misalin Fisher na shayi, wanda ya kawo a littafinsa na 1935, yana shiga nan daidai. Wata mata ta ce tana gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi. Aka ba ta kofi takwas, huɗu haka huɗu haka. Hanyoyin zaɓar huɗu cikin takwas 70 ne, don haka mai cinta kawai, damarsa ta dacewa da duka ɗaya ce cikin 70. Tunanin ɗaya ne da na tsibin takardu.

Sai a zama na biyu a kawo gwajin t, a matsayin gajeriyar hanyar samun abin da cakuɗa ta bayar. William Gosset ne ya fitar da shi a 1908 yana aiki a kamfanin Guinness a Dublin, da sunan aro Student, kuma damuwarsa ita ce irin tamu, wato ƙananan samfura. Ma'aunin warwatsuwar A, wato gwargwadon yadda maki suka yi nesa da matsakaicinsu, ya kama 6.11, na B 7.13. A ninka kowanne da kansa, a raba da 10, a haɗa: 3.73 da 5.09, jimla 8.82. Tushen wannan 2.97 ne, shi ne gwargwadon rawar da ake tsammanin bambancin zai yi daga wannan gwaji zuwa wani. A raba 6 da 2.97 a sami t na 2.02. A jadawalin t, iyakar kashi 5 cikin 100 ta gefe biyu a layin 18, wato mutum 20 a cire 2, ita ce 2.10. Ƙimar p ta kusa 0.06, kusan abin da hannu ya bayar.

Wurin danne-danne akwai ramuka uku. Kalkuleta tana nuna ma'aunin warwatsuwa iri biyu, wanda ake rabawa da n, wato yawan mutane, da wanda ake rabawa da n-1. Na biyun ake so, shi ne sx a yawancin kalkuletoci, STDEV.S a Excel. Rami na biyu, lambar ƙarshe a T.TEST na Excel: 1 na gwajin mutum da kansa ne, 2 na rukunan da aka ɗauka warwatsuwarsu ɗaya ce, 3 na hanyar Welch ta 1947 wadda ba ta ɗaukar haka. A zaɓi 3. Ɗalibai na faɗawa 1 saboda sun ga layukan biyu tsawonsu ɗaya, alhali ɗan A na farko ba abin da ya haɗa shi da ɗan B na farko. Na uku, gefe ɗaya ko biyu. Wanda ya ga 0.06 ya koma gefe ɗaya don ya sami 0.03 ya yi maguɗi, ko bai yi niyya ba. Kafin a buɗe takardu ake yanke wannan, a rubuta a kusurwar allo.

Ni a ganina aji ya fi amfana da sakamako irin wannan na bakin iyaka fiye da wanda ya fito fes. Nan take wani zai ce, "Ke nan babu bambanci." Ka mayar da shi ga ɗigon. Bambancin da aka gani haruffa 6 ne, tazarar amincewa ta kashi 95 kuma, wato zangon da ake sa ran ainihin bambancin na ciki, 6 ce a ƙara ko a rage 2.10 sau 2.97, wato daga kimanin -0.2 zuwa 12.2. Lambobin sun dace da cewa tasirin kusan sifili ne, sun kuma dace da cewa ya kai haruffa 12. Mutum 20 ba su isa su yanke hukunci ba, iyakar abin da za a faɗa ke nan. 0.05 al'ada ce da aka saba da ita, 0.049 da 0.059 kuma kusan labari ɗaya suke bayarwa. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka sai da ta fitar da sanarwa a 2016 tana gargaɗi kan rataya hukunci a kan wannan iyaka kaɗai. Haka kuma 0.06 ba ta nufin akwai kashi 6 cikin 100 cewa yankan ba ya tasiri. Tana nufin in ba ya tasiri, sau 6 cikin 100 ƙuri'a za ta ba da tazara mai girman wannan ko fiye. Ɗaliban da suka cakuɗa takardu suna iya faɗin wannan da bakinsu, domin sun san tsibin da suka raba ba ruwansa da A ko B.

Sai batun ɗan B mai 28. A irin wannan gwaji akan sami wanda ya gano sunayen cikin sakan 20 ɗin, ya sake yanka haruffan a ransa. Ajin zai nemi a cire shi. Ka bar su su gwada su gani: matsakaicin B ya sauko 9.1, bambanci ya koma 7.9, t ya haura 3.3, ƙimar p ta faɗi ƙasa da 0.01. Mutum ɗaya ya juya hukuncin. To amma da wane dalili aka cire shi? Bai yi satar amsa ba, takardar B aka ba shi, abin da ya yi da ita yana cikin abin da takardar B ke haifarwa. Ɗan A mai 7 fa, me ya sa ba wanda ya ce a cire shi? In ana son ware masu gano dabarar, a sa tambaya a ƙasan takardar amsa tun farko, "Ka lura da wani tsari a haruffan?", a kuma yanke abin da za a yi da masu cewa e kafin a ga maki. In ba a yi haka ba, a kawo lissafin biyu, da shi da babu shi, a faɗi dalili. Gwajin Mann-Whitney, mai aiki da matsayi maimakon ainihin maki, shi ma yana rage ƙarfin irin wannan ɗigo, ga ajin da ya kai nan.

Abin da ke rikita har masu digiri na biyu shi ne ƙuri'a iri biyu ce. Akwai ta raba mutane rukuni-rukuni, akwai ta zaɓo su daga cikin jama'a. Ta farkon aka yi a nan, ita ce ke ba da damar cewa yankan ne sanadi. Ta biyun ba a yi ba. Waɗanda suka zo aji ranar ne kawai aka gwada, don haka ba za a ce haka duk ɗaliban Nijeriya suke ba. Ka kai takardar A wani aji a Maraɗi ko Damagaram, JAMB da NYSC da NTA na iya zama musu haruffa zalla, tazarar ta tsuke. Can sai an sake jerin da irin su BEPC da CENI da RFI da CFA. Ka sa su rubuta sakamakon a jimla biyu, ɗaya kan sanadi, ɗaya kan su wa zancen ya shafa, domin a nan ake gane wanda ya fahimta.

Wani zai tambaya me ya hana kowa ya yi takardun biyu a kwatanta shi da kansa. Tambaya ce mai kyau, kuma gwajin mutum da kansa ya fi ƙarfi domin yana kawar da bambancin da ke tsakanin mutane. Sai dai a nan ba zai yiwu da jeri ɗaya ba: wanda ya ga A ya gama da B. Sai an shirya jeri biyu mabambanta masu nauyi ɗaya, a kuma jefa ƙuri'a kan wanda zai fara da wanne, saboda sabo da gajiya.

Ba a maimaita gwajin da aji ɗaya, kuma in kana da azuzuwa biyu a zango guda ka canza jerin, don 'yan safe ba sa riƙe sirri. Makin dai a adana su tare da jerin da aka yi amfani da shi da sakan nawa aka bayar. Bayan shekara uku ko huɗu da jeri iri ɗaya, za ka iya jera bambancin kowane aji a allo ɗaya, sabon aji ya ga yadda gwaji guda ke ba da tazara babba bana, ƙarama baɗi, sannan a haɗa su duka a sake lissafa tazarar amincewa da mutum ɗari da wani abu maimakon ashirin.